Leɓen Ustad Niyamat

Ustad Niyamat ya kwana biyu yana fama da haƙorinsa na ƙarshe, wanda ke can ƙuryar muƙamuƙin ƙasa. Busa algaita ce sana'arsa a garin Sahiwal, da ita yake ci da iyalinsa, kuma duk bikin da ba a ji busarsa ba, tsofaffi kan ce an dai ci shinkafa an watse. Lokacin bukukuwa ya matso, shi kuwa kunci ya kumbura suntum.

Ana cikin haka maƙwabcinsa Malik Irshad ya shigo da alewar laddu, baki har kunne. Ɗansa Taukir ya dawo daga ƙasar waje da kwalin karatun likitan haƙori, washegari za a buɗe masa asibiti a bakin kasuwa.

"Ustad ji, ai ciwon nan ya zo a kan gaɓa," in ji Malik. "Ba a buɗe sabon wuri da baƙo. Kai za ka fara zama a kujerar, yaro ya samu albarkarka."

Yana fita, matar Niyamat, Kausar, ta ajiye tsintsiya.

"Baban Sidra, yaron nan fa bai ci jarrabawar hukumar likitoci ba. Uwarsa da bakinta ta gaya mini a wajen gashin gurasa. Wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar nan kafin a ba shi lasisi. Takardar da za su rataya a bango ta wani likita ce a birnin Lahor, aro suka yi."

"Ke dai kin fiye kwaso labarin wajen gurasa. Yaron da ya hau jirgi ya je har ƙasar ƙanƙara, haƙori ɗaya ne zai gagare shi? Kuma da wane ido zan kalli Malik in na wuce ƙofarsa na tafi babban asibiti?"

Maganar matarsa ta shige shi, ba ƙarya. Amma Niyamat mutum ne mai kara, irin wanda zai gwammace ya cutu da ya ce a'a.

Da safe aka rataya masa furanni a wuya, aka zaunar da shi a sabuwar kujera mai warin leda. Taukir ya leƙa bakin, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wajen mahaifinsa.

"Abba, haƙorin nan a kwance yake. Da an ɗauki hoton ƙashi tukuna, ga shi injinmu bai iso ba."

"Mutane na tsaye a waje suna jira," Malik ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada ka ba ni kunya."

Taukir ya yi allurar kashe zafi, ya shiga aiki yana gumi. Aka ja, aka murɗa, aka yanka dasashi. Can Niyamat ya ji wani abu kamar wutar lantarki ya ratsa masa leɓe. Haƙori ya fita, jama'a suka yi tafi.

"Leɓena ya yi nauyi, ɗana."

"Allurar ce, Ustad ji. Zuwa yamma za ta sake ka."

Yamma ta yi, mako ya wuce, wata ya juya. Yana shan shayi yana zuba masa a haɓa, bai sani ba sai Kausar ta miƙo masa tsumma. Ita ta ja shi babban asibiti, inda wata likita mai suna Dakta Farhat ta ɗauki hoto, ta duba, sannan ta yi masa bayani.

"Baba, saiwar haƙorin tana manne da jijiyar leɓe, an tsinke ta. Irin wannan haƙorin, ko mu nan, tura shi muke yi wajen masu tiyata. Ba zan yi maka alkawarin za ta dawo ba."

Ranar bikin farko na shekarar, Niyamat ya tsaya a gaban ayarin ango, ya sa algaita a baki, ya cika kumatu. Iskar ta zurare ta gefen leɓen da ya mutu. Ya sake gwadawa, bai ma ji inda algaitar take a bakinsa ba. Mai biki ya sunkuyar da kai, ya aika a kawo lasifika a sa kiɗa a madadinsa. Niyamat ya koma gida a ƙafa, yana hawaye a tsakiyar titi.

Jama'a, kwalin makaranta daban, lasisin aiki daban, ko a gida aka yi karatun ko a waje. Kafin ka buɗe wa likita bakinka, tabbatar hukuma ta ba shi izini da sunansa, kuma kada kara ta hana ka tambaya.