Maganar Autata Ce

"Cikina ke ciwo, 'yar nan. Nan, gefen dama," in ji matar.

Ɗalibar ta dube ta sama da ƙasa. Dattijuwa ce mai jiki, ta cika kujera fam. Jarrabawar masu karatun abinci da lafiya ake yi, kuma kowa ya san gayyato matar aka yi ta yi kamar mara lafiya.

"Mama, ƙiba ce ta yi miki yawa. Ki rage maiƙo da zaƙi, ki riƙa tattaki."

"Ai ba na iya cin komai. Loma biyu na ƙoshi."

"Haka ake so," in ji ɗalibar tana murmushi.

Matar ta gyara mayafinta.

Da aka tashi, ɗalibar ta tare ta a bakin ƙofa. "Mama, kin iya wasan kwaikwayo. Wa ya tsara miki?"

"Ba kowa. Maganar autata ce, ita ma mai jiki ce kamar ni. Haka ta yi ta faɗa asibiti-asibiti, ana ce mata ƙiba ce. Kafin a gano ciwon daji ne, ya ci ƙarfinta, har ta rasu."

Ta rataya jakarta.

"Duk shekara nakan kawo ta nan, ko wani zai saurare ta. Yau ma ta mutu."