Jan Tsumma a Wuyan Silinda

Ranar da ya kama aiki, abin da sabon manajan kayan asibitin ya fara yi shi ne kwance tsummokara. Guda bakwai ne, jajaye, ɗaure a wuyan silindojin iskar numfashi da ke jere a sito. Ya watsa su a kwandon shara, ya liƙa wa kowace silinda farar takarda mai lamba, ya wanke hannu har gwiwa.

Shekara takwas ya yi a waje. Ya dawo da satifiket na kula da kayan asibiti, mai tambari ruwan zinariya, da ƙafar da ba ta iya zama wuri ɗaya. Kafin azahar nas-nas sun raɗa masa Mai Takarda. Abu ɗaya ya ba su mamaki: ƙofar siton da ke gagarar kowane baƙo, shi da gwiwa ya ɗan ɗaga ta, makulli ya juya, ba wanda ya nuna masa.

Tsohon da ake kira Mai Sito yana can bakin ƙofar baya yana karɓar kwalayen safar hannu. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da wurin, ba shi da takardar komai. An taɓa ba asibitin gurbin irin karatun da manajan ya yi guda ɗaya tak, aka ba shi, bai je ba. Masu tura gado suka ce tsoron jarrabawa ne. Shi dai dariya yake yi.

Da ya shigo ya ga kwandon, sai ya tsaya cak.

“Yallaɓai, tsumman nan fa…”

“An daina wannan,” in ji manajan, bai ɗago daga kwamfuta ba. “Yanzu akwai tsari.”

“To, yallaɓai.”

Tsohon ya bi layin yana shafa silindojin ɗaya bayan ɗaya. Ta wajen loɓawa da ƙurjin fenti ya gane shida, ya ja su gefe. Ta bakwai ba ta nan. An riga an tura ta sama.

A wannan asibitin har mai shara ya san ma'anar jan tsumma: agogon silindar maƙaryaci ne. Allurarsa ta maƙale a kan cike, alhali cikin ba komai, ana jiran mai gyara. Manajan ne kaɗai bai sani ba, domin bayan tafiyarsa aka ƙirƙiro dabarar, kuma bai tambaya ba.

A hawa na biyu wata mai jego tana kokawa da numfashi. An sa mata abin hanci, agogo yana cewa lafiya lau, leɓɓanta suna komawa toka-toka. Babbar nas tana duba roba tana duba waya, sai ga tsohon ya faɗo ɗakin da wata silinda a kafaɗa, ya hawo matakala da ita don bai jira lif ba. Minti huɗu. Matar ta rayu. Mijinta ya rantse sai an nuna masa mai laifi.

A baranda babbar nas ta tare manajan. “Mai Takarda, can inda ka je, ba a koyar da tambaya ne? Ko ita sai an ƙara shekara?”

Manajan ya wuce ta. Ya shiga sito, ya rufe ƙofa, ya ciro tsumma ɗaya daga kwandon ya cusa a aljihu.

Bayan kwana uku kwamiti ya zauna. Sau biyu manajan ya rubuta rahoto. Na farkon ya fara da “Ni ne na kwance”, ya yaga shi. Na biyun ya ce an samu alamomin da ba sa cikin ƙa'ida. Wannan ya kawo.

Babban likita ya karanta, ya tuna wa kowa sabuwar doka: daga ƙarshen wata, wanda ba shi da satifiket ba zai riƙe sito ba. Tunda tsohon mai tafiya ne ko ta yaya, maganar ta zo da sauƙi.

Manajan ya buɗe baki. Tsohon ya riga shi.

“Ranka ya daɗe, laifina ne. Shekara da shekaru ina ɗaura tsumma, ban taɓa rubuta shi a littafi ba. Yallaɓai aikinsa ya yi.”

Aka turo takardar da ta ɗora wa tsohon laifin. Tsohon ya sa hannu da hagu, ya miƙa biron. Manajan ya karɓa, shi ma da hagu. Tsumman da ke aljihunsa ya yi masa nauyi kamar dutse. Ya sa hannu.

Da aka tashi aiki, tsohon ya ajiye makullai a tebur, ya hau kekensa. Manajan ya bi bayansa a mota, a hankali, ya kasa wuce shi. Masu babur suna ta masa oda. Hanya duka yana haɗa kalmomin da zai faɗa, suna warwarewa.

A wata ƙofa mai shuɗin fenti tsohon ya sauka, ya jingine keke, ya wangale ƙyauren duka biyu yadda mota za ta shiga. Sannan ya sunkuyo ta gilashi, ya sassauta murya.

“Auta, goge fuskarka kafin ka shiga. Kuma kada ka gaya wa uwarka. Ita ta roƙe ni in bar maka gurbin karatun nan, za ta ce ita ta jawo.”