Tsohon Jaki da Mangalar Albasa

Gambo, dakata, ajiye allin nan. An ce maka wani abu da uku daidai suke da bakwai. Ka share uku a hagu don aiki ya yi maka sauƙi, ka bar dama da bakwai ɗinta cif, kana kuma hararar allo wai amsa ta ƙi fitowa. Haba, babban tela kamarka! Ka taɓa rage wa wando ƙafa ɗaya ka miƙa wa mai shi? Da ka cire uku nan, ka cire uku can, da abin ya tsaya daidai da huɗu, kuma maganar farko ce dai ta sake riga. Zauna ka ji wani misali.

Wani manomi ne yake noman albasa a fadama, yana da jaki ɗaya tilo. Tare suka tsufa. Jakin ya san takun ubangidansa, shi kuma ko a cikin garke yana gane kukan nasa. In jakin nan ya kwanta, ba shi da halin sayen wani, ko da halin ma ba ya son wani. Wata safiyar kasuwa ya zo ɗora akumari, wato shimfiɗar bayan jaki, sai ya ga ɗan miki a haƙarƙarin hagu, bai fi kan ɗan yatsa ba. Tausayi ya kama shi. Ga albasa an riga an tsibe, in ta wuce wannan kasuwa sai ruɓa. Ya ɗora mangala, buhun nan mai aljihu biyu da ke rataya hagu da dama, ya cika dama taf, ya zuba rabi a hagu. A ransa ya hutar da mikin ke nan. Ba su yi nisa ba mangala ta fara zamewa wajen dama. Ya sa kafaɗa ya tura ta, yana cewa, “Sannu, tsoho, mun kusa.” Jakin ya gantsare yana tafiya a karkace. Bawan Allah ya ɗauka har yanzu hagun ne ya yi nauyi, sai ya ƙara kwasar albasa daga can ya ƙulle a rigarsa ya aza a kai. Kai, ƙauna in ba ta da ido ai sai a yi ɓarna da ita!

A gindin wata tsamiya jakin ya durƙusa. Manomi ya sauke kaya, ya ɗaga akumari, ya duba. Mikin ya kai faɗin tafin hannu yana zubar da jini, domin kowane taku nauyin dama jan buhun yake yi yana gurzar wurin da ake so a hutar. Ƙafar gaba ta dama kuwa, wadda da safe lafiyarta lau, ta kumbura suntum saboda ita ta tare nauyin duka. Dattijon ya zauna a ƙasa dirshan, ya rungume kan jakin yana hawaye, ya ce, “Ni na yi maka haka da hannuna, ina cewa taimakonka nake yi.” Ya bar albasar nan ga masu wucewa, ya lallaɓa dabbarsa gida, ya yi ta jinya da ruwan ɗumi da man shanu har damina ta faɗi. Daga nan in zai rage wa jakin kaya, hannu biyu yake sawa lokaci guda, ɗaya a kowane aljihu. Ko mangala a cike ko rabi, in dai hagu da dama sun yi daidai, zamanta ɗaya ne a bayan jaki.

Mikin hagu ya warke, gashi ya rufe shi kamar ba a yi ba. Amma ƙafar dama, wadda ba wanda ya ji tausayinta a ranar, da ɗingishi ta ƙare, kuma kullum dattijon ya ga wannan ɗingishi sai ya sunkuyar da kai. Shi ya sa Hausawa suke cewa, abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa.