Kafaɗa ta Huɗu

Ranar da Inna Delu ta rasu, fitilar auna iska ta unguwarmu ja ta nuna tun da safe. Doka kuwa kowa ya san ta: ranar ja, ba mai taka titi sai wanda likita ya duba huhunsa ya ba shi koren kati.

A soro muka duba masu koren kati: ni, Tanimu tela da Garzali mai shayi. Mu uku kacal, a unguwar da a da ake rububin ɗaukar makara.

"A bari sai gobe mana, ko iskar za ta yi sauƙi," in ji Tanimu.

Mijin marigayiyar, Baba Mato, ya ɗago kai. Shekara talatin yana shaƙar hayaƙin masana'antun bayan layinmu, katinsa ja ne tun farko.

"Gawa ta kwana? A gidana?" Tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya ɗaura takunkumin rufe hanci da baki. "Ku kama uku, ni zan kama ta huɗu."

Duk tsawon hanya ba wanda ya fito ya karɓe mu. Mutane na bayan gilashin tagogi, sun ɗaga hannu suna addu'a. A bayana, ƙirjin Baba sai fito yake yi.

A maƙabarta muka tarar da kabari biyu a haƙe.

"Wa kuma ya rasu?" na tambayi mai haƙa.

Bai dube ni ba, Baba yake kallo. "Ranar ja biyu nake haƙawa, ɗana. Ni ma ba na iya fita sau biyu."