Ɗakin da Aka Rubuta wa Sito

Duk wanda zai miƙa wa na'ura ragamar gini, ya fara jin abin da ya sami wata mata mai kula da ɗakin iri a wata cibiyar binciken noma. Shekara ashirin da uku tana bin ƙauyuka tana karɓo irin da manoma suka gada: geron da ke nuna kafin ruwa ya ɗauke, jar dawa, maiwa, da wani wake da ƙwari ba sa so. Kowanne ta busar, ta zuba a kwalba, ta rubuta sunan garin da na wanda ya ba ta. Shi iri sanyi ke riƙe masa rai. In ya daɗe cikin zafi, ido zai gan shi lafiya lau, amma in an binne shi ba zai tashi ba. Don haka na'urar sanyin ɗakin ba ta hutawa, ita ma matar ba ta buɗe ƙofar sai sau biyu a mako.

Ana nan janareta ya ishi shugaban cibiyar da shan dizal, ya kawo injiniya ya haɗa wutar ginin duka da kwamfuta guda. A silin kowane ɗaki aka liƙa wani ɗan ido mai gane motsi: in mutum ya shiga, fitila da sanyi su kama, in ya fita, su mutu. Abin ya yi amfani, ba a musu, domin ofisoshin da a da ke kwana da fanka tana juyawa ba kowa duk sun daina ɓarna. Sai dai injiniyan bai zaga ginin yana tambaya ba, tsohon zanen ginin ya shimfiɗa a tebur ya bi. A zanen nan kuwa sunan ɗakin iri "sito", tun zamanin da ake jibge karyayyun kujeru a ciki. Matar ta tsaya a kansa ta ce, "Malam injiniya, wannan ɗakin ba sito ba ne, ka zo ka gani." Bai ɗago ba. Ya ce, "Hajiya, kwamfuta ta san aikinta."

Bazara ta shigo. Ranar da ta buɗe ɗakin, na'urar sanyi ta tashi da ƙara kamar yaron da aka kama yana gyangyaɗi, amma da ta dafa kwalaben, ɗumi ta ji a tafin hannunta. Ta kira injiniya. Yana sa ƙafa ɗan idon ya gan shi, sanyi ya fara busowa, ya buɗe hannu ya ce, "Ga shi yana aiki." Ta kira shugaba, shi ma yana shiga sanyi ya tarbe shi. Kowa ya zo duba laifin, zuwansa ke ɓoye laifin. Da ta rasa shaida, sai ta zo da daskararren man shanu a kofi ranar Juma'a, ta ɗora tsakuwa a kai, ta rufe ɗakin. Ranar Litinin man ya narke, tsakuwa tana gindin kofi. Ta kai wa shugaba har teburinsa. Ya leƙa, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, tuwon yana ina?" Ta rubuta takarda sau uku, aka sa a fayil. Daga nan ta kwashe aikinta ta koma ɗakin, mace mai jikoki tana kai da komo tsakanin kantoci, tana kaɗa gefen mayafi sama don wani ɗan ido ya yarda akwai abin da ya cancanci sanyi. Amma ana tashi aiki, akwai Asabar da Lahadi, ga dogon hutun Salla da aka garƙame ginin. Ofishin shugaba kuwa, shi kaɗai aka umarci kwamfuta ta fara sanyaya shi sa'a guda kafin ya iso, kada kujera ta yi masa zafi.

Da damina ta kawo kai, wani dattijo ya zo daga arewacin jihar. Fari ya cinye geronsu na gado shekara biyu a jere, ya tuna ya taɓa ba ta mudu guda. Ya ce, "Baiwar Allah, ajiyarmu na zo karɓa." Ta roƙe shi ya dawo bayan mako. Ta ƙirga ƙwaya ɗari a kan jiƙaƙƙen tsumma, ta jira. Huɗu suka tsira. Ta gwada jar dawa, ta gwada maiwa, duk labarin ɗaya ne. Ran nan aka kira injiniya da gaggawa, ya goge kalmar "sito" a kwamfuta, ya rubuta wata. Gyaran bai kai tafasar ruwan shayi ba. Shugaba ya juyo ya tambaye ta me ya hana ta sanar da hukuma a kan lokaci. Ta ajiye masa kwafin takardunta uku, ta fita wurin dattijon da ke zaune a inuwa da buhunsa a ninke. Ta miƙa masa tsirrai huɗun nan a gwangwani, ta kasa haɗa ido da shi.

Na'urar ba ta yi laifi ba, abin da aka faɗa mata ta yi. Laifin na waɗanda suka tambayi tsohuwar takarda ne, suka ƙi tambayar wadda ta shekara ashirin da uku riƙe da makullin. Da ma Hausawa sun gama magana: mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.