Gwaiduwa da Kwaɗo

Orville Tackett ya zaro matatar iska, ya ɗaga ta saitin taga, ya ji kamar ya fashe da kuka. Baƙa ce wuluk, laka ta bushe a jikinta, alhali kwanan nan ya wanke ta da hannunsa.

Matatar ta Gwaiduwa ce, babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, ruwan ɗorawa, irin na shiga daji. Dewey, ƙanin matarsa, shi ya laƙaba mata sunan don tsokana. Orville ya rama, ya sa wa koren babur ɗin Dewey suna Kwaɗo. Gareji ɗaya baburan suke kwana a bayan gidan Orville, domin Dewey a gidan tirela yake zaune, irin wanda ake ja da mota, ba shi da wurin ajiye ko kaza.

Mu da muke fita da su kowace Asabar a tsofaffin hanyoyin motocin kwal na West Virginia, kunnenmu ya gaji da musunsu. Wanne ya fi cin tudu, wanne ya fi shan kwana cikin taɓo, kamfanin wa ya fi iya ƙira. In don a daji ne, babu na zaɓe. Wannan satin Gwaiduwa ta riga kowa kaiwa saman dutse, wani satin Kwaɗo. Bambancin a gareji yake.

Orville mutum ne mai ƙa'ida har ta yi masa yawa. Ya juye baƙin mai, ya ɗaure cen, ya shafa giris, ya duba birki, ba fashi. Ya taɓa mayar wa mai shago matatar mai don kawai hoton koren babur ne a jikin kwalin, duk da mutumin ya rantse masa za ta shiga. Kwaɗo kuwa, ya ce ko da sanda ba zai taɓa shi ba.

Dewey ko fetur sai an tuna masa. Amma Kwaɗo ko tari bai taɓa yi ba.

"Yaya, kai ka lalata ta da shagwaɓa," in ji Dewey, yana zaune kan bokiti yana cin dankali. "Dubi nawa. Ruwan sama kawai ke masa wanka, ga shi garau."

Abin da ya fi ciwo, gaskiya yake faɗa. Ka ɗaure wa Gwaiduwa cen, kafin ka ankara ya saki kamar wandon da ba tazuge. Ka zuba mata sabon mai, ka dawo ka tarar da shi kamar kwalta. Birki take ci kamar akuya a gonar wake. Shekaru Orville yana kare ta a gaban jama'a, yana komawa gareji yana zaginta a ɓoye.

Ranar baƙar matatar nan haƙurinsa ya ƙare. Suna cin wake da burodin masara ya ajiye cokali, ya dubi matarsa Nadine, ya ce zai sayar da Gwaiduwa.

Nadine ta ajiye nata cokalin. Ta san shekarar da aka rufe ramin kwal ɗin da yake aiki ya saye ta, lokacin da ba ya son ganin kowa, kuma Gwaiduwa ce ta riƙa fitar da shi daga ɗaki. Dewey ne ya ƙware har da hawaye.

"Haba Yaya! Wasa fa nake maka. Gwaiduwa ai ta zama 'yar gida."

"Ka yi nasara, Dewey. Naka ya fi."

"Wallahi bai fi ba. Kwaɗo ba zai iya zama shi kaɗai ba."

Orville ya ji maganar har cikin ransa, don bai taɓa zaton yaron yana da zuciya ba. Amma ya riga ya furta. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce za ta saya, za ta zo ɗauka ran Lahadi da yamma.

Ba mai sayar wa mutane ciwon kai ba ne shi. Ya sa wa Gwaiduwa sabon cen, sabon birki, sabon mai, ya goge ta tana sheƙi. Ya daɗe tsaye da tsumma a hannu kafin ya ja ƙofar.

Lahadi da safe ciwon bayan Dewey ya tashi, wanda ya saba kama shi kusan sau ɗaya a wata, ya hana shi zuwa coci. Ya ce su je, shi zai tsare gida.

Orville ya kasa zama. Ana tsakiyar waƙa ya raɗa wa Nadine cewa zai sha iska, ya zame ta ƙofar baya. Zagaye ɗaya yake so, shi da Gwaiduwa, har saman dutse, kafin ta zama ta wani.

Yana shiga tsakar gida ya ji ƙarar sifana daga gareji. Ɓarawo, kuma yanzu da ya sa mata sababbin kaya! Ya sunkuci shebur, ya laɓaɓa, ya banka ƙofar da ƙafa.

Baburan biyu suna tsaye tsirara, an kwance musu robar jiki. Ƙarfe ɗaya, inji ɗaya, har kusoshi wuri ɗaya, Orville da kansa ya rasa wace ce tasa. A tsakiyarsu ga Dewey a tsugune, baya lafiya lau, yana ɗaura koriyar roba a kan mai sabon cen.

Dewey ya dubi shebur, ya dubi mijin yayarsa.

"Yaya, don Allah kada ka sayar. In ka gama gyara nake musanya musu riga, ai tun farko duka biyun kai ne makanikensu."