Kwamfutar Malam Mashud

Malam Mashud yana tsakiyar buga wa wata malamar asibiti takardar neman canjin wurin aiki, daga Bawku zuwa Yendi, kwamfutar ta yi ƙara ta tsaya. Ya janye hannuwansa, ya ce wa matar ta leƙa ta ga abin da ya fito, shi ya gaji da karanta shirmen na'urar nan. Ta karanta masa: an daina aiko wa wannan manhaja gyara. Ya danna maɓalli ɗaya, saƙon ya ɓace, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Shekara goma sha tara yana zaune a kujerar nan, a shagon buga takardu na Hajiya Alimatu da ke bakin kasuwa. Tun da rikici ya dawo garin, aikin ya koma kusan iri ɗaya: malaman makaranta da ma'aikatan lafiya masu neman a ɗauke su daga Bawku. Ba ya karɓar rubutun hannu. Kai za ka faɗa, shi ya buga, in takarda ta fito kai za ka karanta da ƙarfi, don kada gobe ka ce shi ya yi kuskure. Mutane sun saba. Ba a cika samun kuskuren ba ma.

Hajiya ta kira Abdul-Wadud, ƙanin mijinta mai gyaran kwamfuta a Tamale. Ya zo ranar Talata da ayarin motocin da sojoji ke rakowa. Ya buɗe na'urar, ya hure ta, ya ce sabuwar Windows ba za ta hau kanta ba, ta tsufa. Barinta a haka kuma ganganci ne, ga filashar kowa da kowa ana cusa mata. Amma akwai wata manhaja, Linux, kyauta ce, ba nauyi, za ta ƙara mata shekara biyar. Ya lura maus ɗin, wato linzamin kwamfutar, ya mutu har ƙura ta rufe shi, ya yi dariya, ya ce zai kawo wani.

Hajiya ta ce ita ba ta da halin sabuwar kwamfuta, kuma ba ta san kan waɗannan abubuwa ba. Mashud ne mai aikin, shi zai yanke. Abdul-Wadud zai koma ranar Juma'a.

Washegari aka gwada Linux ɗin daga filasha, ba a goge komai ba. Na'urar ta tashi shiru, ba irin sautin da ta saba yi ba, Mashud kuwa ya zauna hannu a cinya har sai da Abdul-Wadud ya ce ai ta tashi tuni. Mashud ya sa yatsu ya danna abin da yake dannawa kowace safiya. Wani akwati ya fito a tsakiyar allo yana tambaya. Mashud ya ci gaba da bugawa, layi uku cur, ba harafi ɗaya da ya shiga.

"Malam, rufe wannan tukuna," in ji Abdul-Wadud. "Ga shi nan a gabanka."

Mashud ya ture kujera baya, ya ce abin yara ne, shi ba ya so.

Abdul-Wadud bai yi fushi ba. Ya yi ta bayani: takardunsa duka za su dawo, sai dai jerinsu zai canja, wasu maɓallan ma za su canja. Sati ɗaya ya isa mai ido ya saba. A Savelugu ya sa wa wani tsohon hedimasta, yanzu har jikokinsa yake koya wa. Mashud ya tambaya ko za a iya mayar da kome daidai inda yake, ɗaya bayan ɗaya, ba sauyi ko kaɗan. Abdul-Wadud ya ce kusan haka, amma ba daidai ba.

Ranar Alhamis wani ɗan kasuwar albasa daga Binduri ya kawo filasha, bayan ya tafi kwamfutar ta ƙi buga kome sai da Abdul-Wadud ya yi awa biyu a kanta. Hajiya ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Ta san 'ya'yan Mashud huɗu, ta san shagon Sadiatu, matarsa, ya ƙone bara. Ta kuma san in na'urar ta mutu bayan Juma'a, rufe shagon za ta yi.

Juma'a da hantsi Mashud ya ce a sa sabuwar. Abdul-Wadud ya yi murna, ya ce ba zai yi nadama ba. Mashud ya tashi ya ba shi kujerar, ya tsaya dafe da bango yana jin na'urar tana aiki, minti arba'in, har aka gama. Ya yi wa Hajiya sallama, ya ce sai Litinin in Allah ya kai mu.

Sadiatu tana jiransa a bayan shagon, inda take jiransa kullum. Sai da suka sha kwana, suka bar idon 'yan kasuwa, sannan ta yi magana.

"Baban Rukaya, ka gaya wa Hajiya?"

"In na gaya mata, yau zan bar aiki. In ban gaya mata ba, Litinin."

Ta kama gwiwar hannunsa, ta ce akwai kwata a gaba, ya ɗaga ƙafa. Shekara biyu ke nan da hawan jinin ido ya gama da idanunsa, kuma tun ranar bai sake ganin allon kwamfutar ba, bai sake ganin fuskarta ba.